Mabuɗin Marigayi Yahya

Wata guda ke nan da binne Yahya, amma duk ranar Juma'a sai ya shiga aiki.

Haka dai na'ura ta nuna, haka kuma maganar ta bazu daga Kawo har Hayin Banki, inda ba a raina labari komai ƙanƙantarsa, balle wanda ya haɗa mamaci da batun aure. Yahya shi ne mai kula da kwamfutocin wani ɗakin gwajin jini a bayan tashar Kawo, wurin da samari da 'yan mata ke zuwa a duba jininsu kafin a ɗaura aure. Da hantsin wata Talata ya tashi daga kujerarsa, ya ce bari ya tsallaka titi ya sayo ƙosai, tifa ta kwashe shi. Kafin magariba an rufe shi.

Bayan 'yan makonni sai ga wasu iyaye sun zo suna kumfar baki. An gaya wa 'ya'yansu jininsu bai dace ba, za su haifi masu sikila, har an mayar da kayan sa rana. Da suka sake gwaji a wani wuri aka ce lafiya lau. Dokta Abdulmalik, mai wurin, ya duba ya ga sakamakon da ke ajiye ba shi ne wanda ya sa wa hannu ba. Ya nemi sunan wanda ya canza, na'ura ta ce Yahya.

Shi ya sa aka kira Harira daga Rafin Guza. Ubanta a Zamfara ya tsufa yana bin sawun ɓarayin shanu, ita kuma ta yi karatun kwamfuta ta ɗauki sana'ar gidansu ta kai ta inda babu ƙasa babu kofato. Mace ce marar yawan magana, ga tambayar tsiya.

"Ni fa ban yarda da fatalwa ba," in ji Dokta. Ya faɗa ne yana satar kallon kujerar Yahya, wadda har yanzu hularsa ke rataye a jikinta, kofin shayinsa na kife a kan tebur.

"A ina kuke ajiye sakamakon?" Harira ta tambaya.

"A saba. Babbar na'ura ce muke haya, ba ta ma ƙasar nan. Daga nesa ake shiga."

"Da kalmar sirri?"

"Da mabuɗi. Yahya ne ya tsara haka. Ni dai na san nawa yana buɗewa."

Harira ta yi masa bayani a taƙaice, don ta lura likitan ya daɗe yana amfani da abin da bai fahimta ba. Kwamfutar mutum ce ke ƙera abu biyu a lokaci guda, kwaɗo da mabuɗinsa. Kwaɗon ake kaiwa a rataya a ƙofar saba, kowa ya gani ba komai. Mabuɗin kuwa yana zama a kwamfutar mai shi, ba ya fita, ba a ba da aronsa. Wanda duk ya zo da mabuɗin da ya dace da kwaɗon, saba za ta buɗe masa ba tare da ta tambayi ko yana numfashi ba.

"To me ya hana ku cire kwaɗon Yahya ranar da ya rasu?"

Dokta ya sunkuyar da kai. "Na buɗe zan cire, hannuna ya ƙi. Mutum ƙasarsa ba ta bushe ba a ce an goge sunansa? Na ce a bari sai an yi sadakar arba'in."

"Mabuɗinsa kuma yana ina?"

"A laftof ɗinsa. Laftof ɗin yana ɗakin matarsa Umaima." Ya numfasa. "Hajiya, mutane sun taso ni a gaba. Ranar Lahadi ce arba'in. Idan ta wuce ban samu wani ba, sunan Umaima zan ba 'yan sanda. Dangin mijin kuma sun riga sun ce ranar da aka fito da ita daga ɗakin takaba, ranar za su ɗauke 'yarsu."

Wani saurayi da ke tsaye bakin ƙofa cikin farar rigar aiki ya ce, "Oga, Anti Umaima ba za ta aikata ba." Shi ne Sharhabil, mai ɗibar jini, aminin Yahya, wanda kuma aka sa wa rana da Fadila ƙanwar Umaima. Idanunsa sun faɗa, kana ganinsa ka san mutuwar nan ta taɓa shi. Ya rage murya ya ce wa Harira, "Yayan marigayi, Sanda, ya riƙe laftof ɗin kwana biyu bayan rasuwar, wai lissafin gado. Ban ce komai ba dai."

*

Tana fita wata tsohuwa mai shara ta tare ta a baranda, ta ja ta gefe har jikin tankin ruwa. Sunanta Indo, kuma tun rasuwar ba ta ƙara sharar ɗakin Yahya ba.

"'Yata, wahala kawai za ki sha. Shi ne da kansa. Na gan shi."

"Yaushe, Inna?"

"Ran da ya rasu mana. Kowa ya watse, maza sun bi gawa gida, an kulle ofis. Ni kuma na manta mayafina, ga shi ba zan shiga gidan rasuwa kai a sake ba. Bayan azahar na dawo, ana yayyafi. Na zo daidai tagar can sai na ji ƙas-ƙas-ƙas, irin yadda yake buga na'urarsa. Na leƙa. Gilashin mai duhu ne, amma na ga fari fat a kan kujerarsa." Ta riƙe hannun Harira, nata hannun sanyi ƙalau. "Ga ƙamshin kafur da turaren gawa yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Wallahi ban san lokacin da na kai bakin titi ba."

"Kin gaya wa wani?"

"Wa ban gaya wa ba? Dariya suke yi mini, sannan su ƙi shiga ɗakin su kaɗai."

Harira ba ta yi dariya ba. Ta je ta tsaya jikin tagar, ta leƙa ta gilashin. Kujerar na nan da hularta, kuma duk taurin ranta sai da tsigar jikinta ta tashi.

*

Gidan Yahya a Hayin Banki ɗaki biyu ne da falo a cikin gidan haya. Matan gidan suka bi Harira da ido har ta shige, babu wadda ta amsa sallamarta da ƙarfi. Umaima na zaune a kan tabarma cikin hijabi ruwan toka, 'yarta Yasmin na barci a cinyarta. Fadila ce ta kawo ruwa, yarinya mai fara'a wadda ko zaman makoki bai iya kashe hasken fuskarta ba.

"Tun da abin nan ya fito ko gishiri ba a aiko a karɓa a ɗakin nan," in ji Umaima. "Anti, ni ko kunna abin ban iya ba. Kuma a ce ni zan yi wasa da gwajin sikila? Ƙanina a hannuna ya cika, yana kiran ƙafarsa. Shi ya sa Babanmu ya rantse babu mai auren 'yarsa sai da takarda."

"Ta Fadila ta fito?"

"Ta fito. Ita tana da rabi-rabi irina, wanda in ya haɗu da wani rabi-rabin ake haifar mai sikila, shi Sharhabil nasa lafiya lau. Da bikin ya wuce ma, rasuwar Abban Yasmin ce ta ɗaga shi."

Fadila ta ɗauko laftof ɗin daga saman sif, a naɗe cikin sallaya. Harira ta kunna. Mabuɗin Yahya na nan inda ake ajiye shi, a kulle da kalmar sirri, irin ta mutumin da ya san aikinsa. Wannan bai wanke kowa ba, don Sanda zai ce ai miji ba ya ɓoye wa matarsa komai. Amma kowane mabuɗi yana da tambarinsa, wasu haruffa da babu wani mabuɗi a duniya da ke da irinsu, kuma duk lokacin da ya buɗe saba sai ya bar wannan tambarin a baya. Ta fito da tambarin na Yahya, ta jera shi da wanda mai shigar Juma'a ke bari.

Ba su yi kama ba ko a harafin farko.

Ta shiga saba da izinin da Dokta ya ba ta, ta je ƙofar Yahya. Kwaɗo biyu ta tarar a rataye, kowanne da sunan Yahya a jikinsa. Sunan ba hujja ba ne, rubutu ne kawai da mai ƙera kwaɗo ke liƙawa, ko sunan wa ya ga dama. Na farkon tsoho ne, shi ne abokin mabuɗin da ke gabanta, kuma rabonsa da buɗewa tun safiyar Talatar nan. Na biyun an rataya shi ne a ranar, tsakanin azahar da la'asar, daga kwamfutar ofis da Yahya ya bari a buɗe ya tafi sayen ƙosai.

Harira ta daɗe tana kallon lokacin. Wani ya zauna a kujerar mutum gawarsa ba ta kai kabari ba, ya ƙera wa kansa hanya da sunansa, don ya san mutanen nan ba za su iya goge sunan mamaci ba. Abin ya ba ta tsoro fiye da labarin Indo.

"Kin ga wani abu?" Umaima ta tambaya.

"Na ga ba daga ɗakin nan ake shiga ba. Amma kar ki gaya wa kowa tukuna, ko da na gida ne."

*

Sanda direba ne a tashar Kawo, layin Katsina. Ta same shi yana ɗaure buhunan masara a saman mota, ya kuwa karɓe ta a tsaitsaye.

"Ke ce aka ɗauko ki wanke ta? Ɗiyar ƙanena ba ta tashi hannun macen da ta zubar mai da mutunci yana kabari."

"An ce kai ma ka riƙe laftof ɗin."

Ya saki igiyar. "Ni? Mi na sani cikin wannan abu? Na kai wa malam ya gani cikin kayan gado, na maido. Wa ya faɗa miki?"

"Bar wannan. Ranar rasuwar, tsakanin azahar da la'asar, kana ina?"

"Ina inda ya kamata in kasance, gaban gawar ƙanena." Muryarsa ta sauya. "Ni na riƙe kanshi ana wanka. Da azahar muka so a sallace shi, mutane sun cika layi, liman ya zo. Muka yi ta zama, an lulluɓe shi da zanen gado kamar wanda ba shi da kowa. Har yau in na rufe ido zanen nan nake gani, mai furanni."

"Me kuke jira?"

"Likkafani da kafur da turare. Wanda aka aika ya ce gosulo ya tsare shi a gadar Kawo, ga ruwa. Sai dab da la'asar ya iso, jikinshi na rawa."

"Wa aka aika?"

"Ba a aike shi ba ma, shi ya ce ba mai sayen likkafanin amininshi sai shi." Sanda ya faɗi sunan, sannan ya tsaya yana kallonta. "Lafiya?"

"Ranar Lahadi bayan addu'a, ina so ka tara mini mutum biyar a falon marigayi."

Ta koma gida a Keke Napep ana tsuga ruwa. Da yamma ta sake shiga saba ta bi sawun baƙon mabuɗin tun daga shigarsa ta farko. Sakamakon da ya taɓa sun fi waɗanda Dokta ya sani yawa, an yamutsa su ba tsari. Babu suna a jikinsu, lamba ce kawai, don ko Dokta da lamba yake sa hannu. Ta kwafe lambar wanda aka fara canzawa, ta kashe na'urar, ta kasa cin tuwon da aka ajiye mata.

*

Ranar arba'in aka yi addu'a a ƙofar gida, aka raba waina da gumba, jama'a suka ragu. A falo Dokta ya zauna a kujera, Sanda da Sharhabil a kan darduma, Indo a rakuɓe jikin bango. Umaima na bayan labulen ɗaki, ita da Fadila.

Harira ta fara da abin da na'ura ta nuna. Kwaɗo biyu, suna ɗaya. Mabuɗin da ke ɗakin Umaima bai buɗe komai ba tun ranar rasuwa. Sanda ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu.

"Inna, faɗa musu abin da kika gani."

Indo ta maimaita: ƙas-ƙas ɗin na'ura, farin abu a kan kujera, ƙamshin kafur da turaren gawa.

"Bayan azahar ne?"

"Ko daɗewa ban yi da sallame salla ba."

"Malam Sanda, a wannan lokacin da me Yahya yake lulluɓe?"

"Da zanen gado."

"An sa masa kafur?"

"Ina muka gan shi? Shi muke ji..." Bai ƙarasa ba.

"Inna ba ta yi ƙarya ba," in ji Harira. "Ta ga likkafanin Yahya, ta ji ƙamshin turarensa. Amma Yahya bai riga ya shiga cikinsu ba. Suna hannun wanda ya sayo su, shi kuma yana zaune a ofis yana ƙera mabuɗi."

Sharhabil ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi kama da dariya ba.

"Gosulo ne, Hajiya. Kowa ya san gadar Kawo in ana ruwa. Kuma ni me zan ci da sakamakon mutane?"

Harira ta miƙa wa Dokta wayarta. "Wannan ce lambar da aka fara canzawa. Kai kaɗai ke da ikon ganin sunan mai ita. Ba sai ka faɗa ba, sirrin mai gwaji ne. Ka duba kawai."

Dokta ya ciro tasa wayar ya daddanna. Ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Ya ɗago kai ya dubi Sharhabil, kowa kuma ya bi idonsa.

Sharhabil ya dafe kansa da hannu biyu. Da ya yi magana, ƙasa yake kallo.

"Da safen Yahya ya nuna mini sakamakona. Ya ce ni ma rabi-rabi ne, irin na Fadila. Na roƙe shi ya gyara, ya ce ko ƙaninsa ne ba zai gyara ba, in je in gaya mata da bakina kafin dare, in ba haka ba shi zai gaya wa Anti Umaima. Ya tashi ya ce bari ya sayo mana ƙosai in huce." Ya ci gaba. "Da na sayo likkafanin na biyo ta ofis in ɗauki jakata, sai na ga na'urarsa a buɗe. Sakamakon bai hau ba tukuna, sai Oga ya sa hannu. Yahya ne ya koya mini yadda ake ƙera mabuɗi, na ce in yi wanda zan dawo da shi in gyara. Na ce minti biyu ne. Na rungume kayan a ƙirjina don kar su taɓa ƙasa, na zauna."

"Sauran mutanen fa?" in ji Dokta. "Me suka yi maka?"

"Na ce in an gano, a ɗauka na'ura ce ta rikice. Duk Juma'a sai in ji kamar ya koma yadda yake, sai in shiga in duba. In na shiga sai ta gaishe ni da sunansa."

Sanda ya yunƙura, Dokta ya riƙe masa riga. "Ka bar ƙanena kwance cikin zanen gado," Sanda ke faɗa, hawaye na bin gemunsa. "Ka zo nan kullum kana cin abincin gidanshi, kana ji ana zagin matarshi!"

A bayan labule wani faranti ya faɗi ya yi ta juyi a kan siminti kafin ya tsaya. Babu wanda ya fito.

Dokta ya tasa Sharhabil gaba suka fita, Indo na bin su tana salati. Sanda ya daɗe a tsaye, sannan ya matsa jikin labulen, ya durƙusa kamar mai gaida surukai.

"Umaima, ki yafe mani. Yasmin na hannunki, ba mai taɓa ta."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya, Yaya," ta amsa.

*

Harira ta shiga ɗakin da laftof ɗinta. Fadila na kwance ta juya wa duniya baya, kafaɗunta na motsi, Umaima ta ɗora hannu ɗaya a kanta. Harira ta cire kwaɗon ƙarya a gabansu. Saura ɗaya.

"Dokta ya ce a cire na Abban Yasmin ma. Arba'in ta cika. Na ce sai na gaya miki."

Umaima ta matso ta dubi dogon layin haruffan da ba ta iya karantawa ba, da sunan mijinta a ƙarshensa.

"In an cire, shi ke nan ba za a sake cewa ya shiga ba?"

"Shi ke nan."

Umaima ta gyara zama. "Anti, zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Na san ba ni ba ce. Da suka ce to ai shi ne, kowa ya tsorata, ni ban tsorata ba. Duk Juma'a sai in yi wanka in zauna nan, in ce yanzu yana Kawo, tsakanina da shi kuɗin mota ne kawai." Ta share fuska da gefen hijabi. "Na san haramun ne tunanin. Amma da shi na kai yau."

Harira ta dube ta. Ta wanke matar nan tas, ta bar mata 'yarta, kuma sai yanzu ta gane abin da ta karɓe mata a madadin haka. Tausayi ya cika ta har ta ji kunyar aikinta.

"Wanne ake dannawa?" in ji Umaima.

Harira ta nuna mata. Umaima ta yi bismilla, ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe ba ta danna ba. Yasmin ta farka tana neman ruwa, uwar ta ce mata tana zuwa, sannan ta danna.